Rashin Aiki Iri-Iri Ne

Kafin ki kira ɗanki ko ƙanenki malalaci, tsaya ki ji: rashin aiki iri-iri ne, kowanne da sanadinsa, kuma duk ƙasar Baure ta ɗanɗana su.

Mafi daɗewa shi ne na rani. Daminarmu ba ta wuce wata huɗu. Da an kai gero da wake rumbu, sai zama. Shi ya haifar da cin rani tun kaka da kakanni, maza su nufi Kano ko kudu, su dawo da ruwan shuka.

Na biyu, sana'a ce ke mutuwa ta bar mai ita. Kakanninmu mata da kaɗi suke samun kuɗinsu, har yadin kamfani ya ture zare da mazari. Haka injin niƙa ya karɓe aikin masu dakau.

Na uku, annoba. Farin 1973 ya kashe amfanin gona da dabbobi. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta zama labari, masu mai da ƙuli-ƙuli suka ji a jika.

Na huɗu, sauyin tattalin arziki da dokar gwamnati. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. A nan kusa, rufe iyaka da Nijar a 2019, da kuma a 2023, ya tsayar da direbobi da 'yan dako da ke cin abinci a hanyar Babban Mutum zuwa Magarya.

Na biyar, ga takarda babu aiki. Tun shirin UPE na 1976 'yan makaranta ke ƙaruwa, ofisoshi kuwa ba su ƙaru haka ba.

To 'yar'uwa, kowanne da maganinsa. Na rani yana son noman rani ko kiwo. Wanda sana'arsa ta mutu, sabuwa zai koya. Mai takarda ya haɗa da sana'ar hannu. Ke ma ki riƙe taki, ko ɗinkin hula ne, ki shiga adashe, don ita ke rufa asirin gida ranar da maigida ya rasa. Da zaman banza gara aikin kishiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.