Wane Suga ne a "Ciwon Suga"?

A Bilbis ta ƙasar Tsafe, da zarar an auna mutum a asibitin Gusau aka ce ciwon suga ne, abin da iyali ke fara yi shi ne ɓoye gwangwanin sukari. Sai a kawo masa zuma ko mazarƙwaila, wai waɗannan na gida ne, ba na kanti ba. Sunan cutar ne ya kai mu ga haka.

"Sukari" daga Larabci muka aro, "suga" daga bakin Turawa, kuma tushensu ɗaya ne a Indiya, inda kalmar ke nufin tsakuwa. Wato sunan farin abin nan ne da ake zubawa a shayi. Wanda na'ura ke karantawa a ɗigon jinin yatsa kuwa gulukos ne.

Sukarin shayi rabinsa gulukos, rabinsa furuktos, zaƙin 'ya'yan itace. Mazarƙwaila shi ɗin ne dai, ruwan rake da aka dafa ba a tace ba; duhunta ba ya sauya aikinta a jini. Zuma ma yawancinta waɗannan biyun ne. Hasali ma a sunan da likitoci ke kiran cutar, kalmar "melitus" daga zuma take a Latin, saboda zaƙin fitsarin da kiyashi ke bi.

Gulukos na shiga jini jiki zai saki insulin ya tura shi cikin tsoka. Furuktos kuwa hanta yake zarcewa, bai cika tayar da insulin ba, amma in ya yi yawa hanta kan mayar da shi kitse. A ma'aunin yadda abinci ke tayar da gulukos a jini, wanda David Jenkins ya fito da shi a Toronto a 1981, gulukos na da 100, sukari wajen 65, furuktos bai haura 25 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne farar shinkafa da burodi, masu haura 70, sama da sukarin kansa. Ba mai kiran su suga tunda harshe bai ji zaƙi ba, alhali hanji gulukos yake mayar da su. Dattijo zai sha shayinsa lami da burodi guda, dare ya yi ya tashi da malmala biyu ta tuwon shinkafa, yana ganin ya kiyaye. In malamin asibiti ya ce masa "Baba, a rage suga", ya kamata ya faɗa masa har da girman malmalar.