Shirin Tiyatar Rage Ƙiba a Maraɗi: Ƙa'idojin Likitoci da Tukunyar Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ƙa'idojin shirya majiyyaci kafin tiyatar rage ƙiba da yanayin ci da zamantakewa a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa. Ta nuna cewa mafi nauyin shirin yana wuyan iyali da likitan gida wanda zai bibiyi majiyyaci tsawon rayuwarsa.

Fitilun kalmomi: ƙiba, tiyata, tumbi, abinci, Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Duniya ta fi sanin Maraɗi da tamowar yara, musamman tun yunwar 2005. A garin nan kuwa akwai manya da ƙiba ta hana su sujada sai a kan kujera, ga ciwon suga da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba. A ƙasar Hausa kuma cikar jiki shaidar wadata ce ga ɗan kasuwa, shaidar kulawar miji ce ga mace, har wasu na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Don haka mai neman magani yakan makara.

2.0 Hanyar Bincike

An nazarci ƙa'idojin da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka fitar a 1991, da waɗanda ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙiba na Amurka da na duniya suka sabunta a 2022, sannan aka gwada su da abinci, yanayi da al'adun yankin.

3.0 Sakamako

3.1 Wa ya cancanta?

Domin samun ma'aunin ƙiba, ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Macen da ke da tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 90, ma'auninta ya haura 35. A ƙa'idar 1991 sai ma'auni ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta. Ta 2022 ta sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga.

3.2 Aikin da shirinsa

Tiyata biyu suka fi yawa. A ta farko ana cire kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar siririn bututu, yunwa kuma ta ragu saboda an cire ɓangaren da ya fi samar da sinadarin da ke tayar da ita. A ta biyu ana keɓe ƴar jaka a saman tumbi a haɗa ta da ƙaramin hanji. Binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya bayyana a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa tiyata.

Kafin aiki ana auna jini, suga, zuciya da numfashin barci. Ana barin taba aƙalla mako shida, a kuma taƙaita tsaba, mai da sukari na mako biyu zuwa huɗu domin hanta ta saɓe, likita ya samu sararin aiki.

4.0 Tattaunawa

A nan ne ƙa'ida ke karo da gida. Bayan aiki, loma kaɗan ke cika tumbi, ga shi ana son majiyyaci ya samu aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki kullum. Idan ya fara da tuwon gero, babu sauran wuri. Dole a juya tsarin: ƙwai, wake, awara, kifi, nonon jar akuya marar sukari da zogalen Jiratawa su riga tsaba shiga. Fura mai sukari da shayi mai kauri na iya jawo jiri, gumi da zawo nan take, musamman ga wanda aka karkata wa hanji a tiyata ta biyu. A zafin Afrilu da Mayu kuma, wanda ba ya iya kwankwaɗar moɗa guda sai ya riƙa kurɓa yini sukutum, in ba haka ba jiki ya bushe.

Akushi ɗaya ake ci, kuma mai tsame hannu da wuri sai ya ji: "Haba Hajiya, ƙara mana, ko ba ki da lafiya ne?" Ramewa da sauri na jawo zargin mugun ciwo. Saboda haka ya wajaba miji, uwar miji da mai girki su zauna gaban likita tun kafin a sa ranar aiki. A zaman ne za a warware batun jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, da na azumin shekarar farko, wanda ke buƙatar fatawar malami bisa bayanin likita.

Ƙarancin jini ya riga ya yawaita ga matan Nijar, tiyata kuma tana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin B12. Shan su na har abada ne, kuɗinsu ma haka. Wanda ya je Tunisiya, Masar ko Turkiyya aka yi masa aiki ya dawo ba tare da cikakken rahoto ba, ya bar likitan gida cikin duhu.

5.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar cewa kada a sa ranar tiyata sai an tanadi likitan bibiya a Maraɗi, da kuɗin magunguna, da yardar iyali. Ya kuma dace sashen lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya tsara jagorar abinci da Hausa, bisa abin da ake samu a kasuwannin yankin, domin majiyyaci da mai dafa masa su san abin da za su zuba a tukunya.