"Melt" da "narke": me ya narke a Bompai, Sharaɗa da Chalawa?

Yau kalmar Ingilishi za mu ɗauko, wato "melt", mu bi asalinta, mu ga inda take haɗuwa da "narke" tamu da kuma inda suke rabuwa. Dalili kuwa shi ne, ɗalibai masu fassara na yawan faɗawa rami ɗaya: da zarar sun ga "melt" ko "dissolve" ko "meltdown" sai su rubuta "narke", alhali sau da yawa Bahaushe ba haka zai ce ba. Za mu gwada abin da labarin masana'antun Kano, don a can ne kalmomin nan suka fi tona asirin mai fassara.

Mu fara da asali. A Tsohon Ingilishi, wato wanda ake yi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar a 1066, aikatau biyu ne. Akwai "meltan", ƙi-karɓau, abu ya narke da kansa. Akwai kuma "mieltan", so-karɓau, wani ya sa abu ya narke. A hankali suka haɗe suka zama kalma ɗaya, shi ya sa yau Bature zai ce "the ice melted", ya kuma ce "the sun melted the ice", aikatau bai sauya ba. Abin da ya rage na tsohon tsarin shi ne "molten", wato narkakke, shi ma sai a kan ƙarfe ko dutse ko gilashi ake jin sa.

To kun ga, abin da Ingilishi ya zubar mu muna riƙe da shi. Ƙanƙara ta narke. Rana ta narkar da ƙanƙara. Ba ka isa ka ce "rana ta narke ƙanƙara" a Kano ba tare da an gyara maka ba. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, "narka" na aji na 1 ne, "narke" na aji na 4, "narkar" na aji na 5, sai "narku" na aji na 7, kamar a "kitsen nan ya narku". Saiwa ɗaya, wasalin ƙarshe da karin sauti ne ke raba aiki.

Wani abin sha'awa: tsohuwar kalmar tasu tana ɗauke da ma'anar narkar da abinci a ciki. Ingilishi ya yar da wannan ya ari "digest" daga Latin, amma a harshen mutanen Aisilan har gobe "melta" na nufin narkar da abinci. Mu ma haka muke cewa. Ba aro ba ne, ba kuma dangantaka ba ce, tunani ne ya zo ɗaya. Masana na danganta saiwar da ma'anar laushi, kuma daga gidan ne "malt" ta fito, hatsin da aka jiƙa ya tsira, wanda kuke ganin sunansa a jikin kwalbar lemo. Sai 'yar uwarta "smelt", da ta shigo Ingilishi daga Holanci ko Jamusancin arewa a ƙarni na 16, ma'anarta a narka tama a fitar da ƙarfe. Wannan kam Kano ba baƙuwa ba ce a kai. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna. Wato garin ma a kan narka aka kafa shi.

Yanzu ga inda rikicin yake. Ingilishi na da wasu kalmomi biyu da ƙamus kan jingina su da narkewa. "Dissolve" daga Latin "dissolvere" take, ta shigo a ƙarni na 14, kuma asalin ma'anarta kwancewa ko warwarewa. Sukari a shayi, e, ya narke. Amma in gwamna ya yi "dissolve" na majalisar zartarwa, rushe ta ya yi. In alƙali ne da aure, raba shi ya yi, ko ya datse igiyar. Ku lura, igiyar auren nan tamu ta fi kusa da hoton Latin ɗin fiye da narkewa. Ita kuwa "liquidate" daga "liquidus" take, abu mai ruwa-ruwa ko garai-garai. Da farko tana nufin fayyace lissafin bashi, daga baya ta koma rufe kamfani a sayar da kadarorinsa a biya masu bin bashi, a ƙarni na 20 kuma ta samo ma'anar hallaka mutum ta hanyar Rashanci. Duk cikin ukun nan babu inda "narke" za ta shiga.

Mu je Bompai. Ita ce tsohuwa a rukunin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa, kuma cinikin gyaɗa da ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 shi ya share mata hanya, har aka kafa injinan matse mai. Sharaɗa da Chalawa daga baya suka cika, musamman daga shekarun 1970 lokacin da kuɗin fetur ya shigo, ga kuma dokokin 1972 da 1977 da suka buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar mallakar hannun jari. Ana yin man gyaɗa, alewa, sabulu, turare, kwanuka, barguna, takalma, ana jeme fata ana fitarwa waje. Keken Rali ma a Kano ake haɗa shi. Ga masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya. Wanda ya girma a lokacin zai gaya maka yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki.

A wannan zamanin ne "narka" ta dace, amma da wata ma'ana da Ingilishi bai san da ita ba. Bahaushe na cewa "Alhaji ya narka kuɗi a masaƙa", wato ya zuba jari mai yawa. Kun ga haɗarin? Ɗalibin da ya ga "his money melted away" ya rubuta "ya narka kuɗinsa", ya juya zancen gaba ɗaya. Bature na cewa kuɗin sun salwanta, shi kuma ya ce mutumin ya zuba jari.

Sai abubuwa suka juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowace masana'anta ta koma janareta da baƙin mai. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kafin a ankara atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sa kwaɗo a ƙofa.

Ɗan jaridar Ingilishi zai iya cewa masana'antun sun yi "melt away", kuma ya yi daidai a harshensa, don ba rana ɗaya abin ya faru ba. Amma ku saurari Bakano: cewa yake masana'antu sun durƙushe. Ɗan kasuwa ya karye. Kamfani ya mutu. An yi gwanjon kayansa. Ma'aikata sun watse. A ganina wannan ba bambancin kalma ba ne kawai. Ingilishi ya kalli abin kamar ƙanƙara, ta tafi ba ta bar komai ba. Hausa ta kalle shi kamar raƙumi ko mutum: ya durƙusa, yana nan a wurin, ana ganin sa. Kuma duk wanda ya ratsa Sharaɗa ya san Hausar ta fi faɗin gaskiya, don gine-ginen suna nan, wasu sun zama sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Shi ya sa ma 'yan siyasa ke alkawarin "farfaɗo da masana'antu". Abin da ya suma ake farfaɗowa, ba wanda ya narke ba.

Haka aka yi a 2008, da jaridun Ingilishi na Najeriya suka cika da "global economic meltdown". Kalmar an fi sanin ta da narkewar cikin tukunyar nukiliya, irin abin da ya faru a Chanobil a 1986, kafin a ara wa kasuwa. Gidajen rediyon Hausa ba su bi ta ba, suka ce taɓarɓarewar tattalin arzikin duniya, ko koma-bayansa. Sun kyauta.

Saboda haka "melt away" sai an dubi mai aikin. In taron jama'a ne, sun watse, ko sun sulale ɗaya bayan ɗaya. In fushi ne, ya huce. In tsoro ne, ya gushe. In dukiya ce, ta salwanta. In sabulu ne aka manta a ruwa, ya zagwanye. "Her heart melted" kuwa, tausayi ya kama ta, ko da yake marubutan littattafan soyayya sun saba mana da "zuciyarta ta narke", har ta fara zama a kunne. Mu kuma muna da tamu da ba ta fassaruwa kai tsaye: yaro ya narke wa uwarsa, wato shagwaɓa.

To ina "narke" ta gaskiya a yankunan nan? Tana nan da ranta. Cikin masana'antun da suka rage akwai na roba da yawa, masu yin bokiti, buta, silifa, kujera da tabarma, kuma aikinsu kullum narka ne. 'Yan jari-bola su tsinto tsohuwar roba, a niƙa, a narka, a zuba a ma'auni ta fito sabuwa. 'Yan gwangwan su auna tsohon ƙarfe a kilo a loda a mota zuwa inda za a narkar da shi, maƙera kuma su narka gwangwanin lemo su zuba tukunyar dalma. Don haka jimlar da za ku iya rubutawa ba tare da kuskure ba ita ce: masaƙar ta durƙushe, an yi gwanjon injinanta, an narkar da ƙarafan.

Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi, ku faɗa mana: a wajenku "zagwanye" da "narke" ɗaya suke a kan sabulu da gishiri, ko kuna rabawa?