Kiɗan Rock da Soul a Gaban Alƙalan Tony: Nazari a kan Gasar 2010

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin karɓar da lambar yabo ta Tony, wadda ake bayarwa tun 1947 ga wasannin dandamalin Broadway a New York, ta yi wa kiɗan rock da soul. An bi sakamakon gasar daga 1969, aka tsaya a kan ta 2010. Nazarin ya gano cewa ƙa'idar gasar ta fi daraja waƙar da aka tsara domin labari a kan wadda ta taso daga faifai ko gidan rawa.

Shigowar baƙon kiɗa

Wasan Hair, wanda Galt MacDermot ya yi wa kiɗa, ya hau Broadway a watan Afrilun 1968 da gitar lantarki da matasa masu ƙin yaƙin Biyetnam. Jama'a sun yi masa cincirindo, amma a 1969 kambun wasan waƙa mafi kyau ya tafi ga 1776, wasa mai tsohon salo a kan 'yancin kan Amurka. Sai a 1972 MacDermot ya ci kambun da Two Gentlemen of Verona, inda kiɗansa ya raɓu da labarin Shakespeare.

Soul ya samu shiga a 1975. The Wiz, mai 'yan wasa baƙaƙen fata zalla da kiɗan Charlie Smalls, ya kwashi lambobi 7, har da babban kambun. Nan ma labarin sananne ne, wato tatsuniyar Oz da kowane yaro a Amurka ya sani. Dreamgirls kuwa, wanda aka buɗe a Disambar 1981, ya fi jan hankalin mai nazari, domin jigonsa shi ne wannan matsala kanta: an ture Effie, mai murya irin ta mawaƙan coci, aka sa mai laushin murya a gaba don a sayar wa fararen fata da faifai. Jennifer Holliday, wadda ta fito a Effie, ta ci lambarta a 1982, wasan ya samu 6, amma kambun wasa da na kiɗa duk wasan Nine ya ɗauka.

Gasar 2010

Wasanni huɗu ne suka yi takarar kambun a wannan shekara, kuma babu ko ɗaya mai tsohon salon Broadway. American Idiot an gina shi a kan faifan ƙungiyar Green Day na 2004. Million Dollar Quartet ya maimaita haɗuwar Elvis Presley da Johnny Cash da Jerry Lee Lewis da Carl Perkins a ɗakin ɗaukar sauti na Sun a Disambar 1956. Fela! ya kawo kiɗan Fela Anikulapo Kuti, wanda shi ma ya ɗebi wani abu daga soul da funk lokacin zamansa a Los Angeles a 1969. Na huɗu shi ne Memphis, labarin Bature mai gabatar da shiri a rediyo a shekarun 1950, wanda ya fara sa waƙoƙin baƙaƙe, ya kuma faɗa soyayya da wata mawaƙiya baƙa.

A nan ƙa'ida ta yi aikinta. Lambar kiɗa ba ta hawa kan waƙar da ba domin wasan aka rubuta ta ba, don haka uku na farko suka faɗi tun ba a fara ba. Gurbin ya yi ƙaranci har aka cike shi da Enron da Fences, waɗanda wasannin zance ne masu ɗan kiɗa. David Bryan, mai kaɗa fiyano a ƙungiyar Bon Jovi, shi da Joe DiPietro suka ɗauki lambar, Memphis ya tashi da 4, ciki har da babban kambun.

A ganin wannan nazari, Memphis wasa ne mai tsari, waƙoƙinsa suna tura labari gaba, amma soul ɗinsa kwaikwayo ne da aka goge don kada ya yi wa kowa kaushi. Fela! akasin haka ya yi. An ƙawata gidan wasa na Eugene O'Neill ya koma kamar Shrine, gidan rawar Fela a Legas, makaɗan ƙungiyar Antibalas suna kan dandamali a idon kowa, ana ta da 'yan kallo daga kujeru su juya ƙugu. Kiɗan ne ke jan ragama, labari yana biye, kamar yadda makaɗi ke riƙe fili a dandali. Ma'aunin alƙalai bai da gurbin auna irin wannan. An zaɓi wasan a rukuni 11, ya ci 3: tsara rawa ga Bill T. Jones, da sutura, da sarrafa sauti.

Lambar ƙarshen nan ta cancanci a dube ta da kyau. Rukunin sarrafa sauti sai a 2008 aka ƙirƙiro shi, shekara 40 bayan Hair. Alhali a rock da soul, yadda ganga da gita da ƙaho ke isa ƙirjin mai sauraro rabin waƙar ne, ba ado ba. Robert Kaplowitz ne ya karɓi lambar a 2010, kuma ita kaɗai ce a daren ta taɓa abin da kunne ya ji na kiɗan Fela.