Daga Dokin Kara Zuwa Motar Langa-Langa

Duk wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu kafin wayar hannu ta shiga kowane gida ya san cewa wasan yara maza ma yana da lokutansa, kamar aikin gona. Da damina muna bakin rafi muna gina shanu da dawaki da laka. Da kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, aka jibge kara a bayan gida ana jiran gyaran danga, to lokacin motoci ya zo. Za ka ga yaro zaune a gindin darbejiya da tsohuwar reza a hannu, yana feƙe ɓawon kara, yana yanka totuwa daidai-wa-daida, yatsunsa duk sun sha yanka, amma ko a jikinsa. Ƙanensa na tsugune a gefe yana cewa, “Yaya, in ka gama ka yi mini tawa.” Kafin la'asar sakaliya an fito da roka sabuwa fil, da bodinta, da tsaninta, har da wurin zaman karen mota a saman kaya.

Ba mu taɓa ɗaukar wannan abu a matsayin tarihi ba. Sai da girma ya zo muka lura cewa motocin nan da muke ƙerawa suna bin sawun abin da ke faruwa a garuruwanmu shekara da shekaru, kuma babu wanda ya ajiye ko guda.

Kafin mota akwai doki. Kakanninmu da suka yi ƙuruciya a farkon ƙarni na 20 dokin kara suka hau: a sami kara mai tsawo, a lanƙwasa kansa, a ɗaura masa linzami na tsumma, a yi ta sukuwa a ƙofar gida ana kwaikwayon hawan sarki. Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba, kuma abin da ya fi ƙwarjini a idonsa a zamanin shi ne doki da mahayinsa. Abin da ya sauya lissafin shi ne layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya Turawan mulkin mallaka suka ja reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Ba don son mutanen Zamfara aka yi shi ba, auduga da gyaɗa da fatu ake so a kwashe zuwa teku. Sai dai layin bai ƙarasa Sakkwato ba, kuma wannan gibin ne ya yi wa Gusau riga da wando. Duk kayan da za su tafi Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200, sai an sauke su a tashar Gusau an loda wa manyan motoci, su bi ta Bunguɗu da Mafara. Ɗan Tsafe ya ga jirgi da mota, ɗan Gusau ya ga inda suke musayar kaya, shi kuwa ɗan Bunguɗu mota ce kawai ke wuce shi tana tayar da ƙura. Cikin 'yan shekaru dokin kara ya sami kishiya.

Sunan da ya fi zama a bakinmu, wato motar langa-langa, shi kansa auduga ce ta haife shi. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester ta Ingila a 1902 domin samar wa masaƙun can auduga, ya gina gidajen gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Gusau. In an gurje auduga an raba ta da angurya, sai a matse ta a yi dila, a ɗaure da wani siririn ƙarfe mai faɗin yatsa ko fiye kaɗan. Wannan ƙarfen shi ne langa-langa. Haka ma dilolin atamfa da na gwanjo da ke shigowa kasuwa da shi ake ɗaure su. Da zarar an kwance dila ƙarfen ya zama shara a wurin ɗan kasuwa, a wurinmu kuwa ya zama dukiya. Yana lanƙwasuwa da hannu, yana riƙe siffar da aka ba shi, in ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya a wuri ɗaya sai ya karye ba tare da almakashi ba. Da aka buɗe masaƙar Zamfara a Gusau a shekarun 1960, abin ya ƙara wadata. Yaron da gidansu ke kusa da kasuwa ko tashar jirgi ya fi na ƙauye samunsa, shi ya sa motar birni ta fi yawan zama ta ƙarfe, ta ƙauye kuwa ta kara.

Aikin yana da ƙa'ida, ko da yake babu wanda ya rubuta ta. A motar kara, totuwa ce katako, ɓawon da aka feƙe sirara shi ne ƙusa, wani lokaci a haɗa da ƙayar aduwa. A motar ƙarfe, da langa-langa ake fitar da gindin mota, a ɗaure mahaɗai da robar tsohon tif na keke da aka yanka sirara. Gwangwanin madara ko na tumatir ko na kifi ake buɗewa a daddale da dutse a yi bodi. Taya kuwa tarihinta daban ne: an fara da sakaina da ake gogawa a dutse har ta yi da'ira, aka koma marfin kwalba, sannan da silifa ya cika gari aka gano babu kamarsa, domin yana yankuwa da reza kuma ba ya ƙara a ƙasa. Silifa nawa ne suka ɓace a ƙofar masallaci saboda wannan, Allah ya yafe mana. Gwaninta ta gaske tana wurin sitiyari da sifirin. Sai ka sami doguwar waya ko kara mai kai maka ƙirji, ka haɗa ta da ƙafafun gaba yadda in ka murɗa a sama tayoyin za su juya a ƙasa. Wanda motarsa ke yin kwana da gaske, kuma in ta hau tudu ta yi lilo maimakon ta kife, shi ake kira gwani, kuma shi ƙananan yara ke kai wa gwangwani da silifa ya ƙera musu, ladan aikinsa rabin kayan.

A daidai shekarun da muke wannan, yaran Turai da Amurka da Japan suna yin irinsa, amma ta wata hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ƙware wajen narka roba a ɗura ta cikin ƙarfen zubi ta fito da kowace irin siffa, da araha kuma da yawa. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da 'yar ƙaramar tarakta Ferguson a 1949, ya biyo da jirgin ruwa Golden Hind a 1952, ana sayar da su gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa da kansa. A Amurka Revell ya shiga harkar ƙananan motoci a farkon shekarun 1950, a Japan kuma Tamiya, wanda ya fara da katako a 1946, ya koma roba wajen 1960. Abin da suka fi mu da shi shi ne awo. In aka rubuta 1:24 a kwali, ana nufin kowane sashe na motar an rage shi sau 24. Fijo 504 mai tsawon kusan mita huɗu da rabi za ta koma kimanin santimita 19, wato kusan taƙi ɗaya, kuma madubinta da murfin tankinta duk sun ragu da wannan lissafin. Mu kuwa awonmu ido ne da girman gwangwanin da ya samu.

A 1958 kamfanin AMT na Amurka ya fito da wata dabara da ta ja masu saye ƙwarai: kwali ɗaya, amma da ƙarin sassa, yadda yaro zai zaɓi ya haɗa motar kamar yadda ta fito daga masana'anta, ko ya mayar da ita ta tsere, ko ya yi mata kwalliya yadda ransa ke so. A can an ɗauki wannan sabon abu ne. A nan kuwa babbar motar da muke kwaikwayo ita kanta haka take zuwa. Bedford ko Marsandi, sau da yawa kai da inji da gindi kawai ake shigowa da su, kafintocinmu ne ke gina bodin katako, masu fenti su zana zaki ko dawisu ko furanni, a rubuta “Haƙuri maganin zaman duniya” ko “Allah ya kiyaye” a goshi. Babu roka biyu masu kama ɗaya. Don haka yaron da ya liƙa wa motarsa takardar alawa mai ƙyalli, ya rataya mata tuntu na zaren lilo, ya sa ƙwan tocilan da tsohon batir don fitila ta kama da dare, ba ƙari ya yi ba, abin da ya gani a tasha ya kwafa. A ganinmu a nan ne motar langa-langa ta fi ta kwali: mai haɗa ta kwali yana bin zanen da wani ya yi masa, namu kuwa sai ya tsaya a tasha ya ƙare wa mota kallo, ya leƙa ƙarƙashinta har karen mota ya kore shi, sannan ya dawo ya warware matsalar da abin da ke hannunsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Malawi ana kiran irin wannan mota galimoto, a Afirka ta Kudu da Namibiya kuma da waya zalla suke yin tasu.

Da an ajiye motocin nan, da za a iya jera su a karanta shekaru a jikinsu. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu, kuma yaro mai lura ba zai bar direbansa a tsohon gefe ba. A 1975 aka fara haɗa Fijo 504 a Kaduna, ta zama motar ma'aikaci da ta haya, a-kori-kurarta kuma ta zama motar kasuwar ƙauye, sai ga ta a hannun yara da gwangwanin kifi. Bayan tsarin SAP na 1986 sabuwar mota ta gagari mutane, 'yan Kwatano suka cika hanya, kabu-kabu ya zama sana'a, yara suka fara lanƙwasa babur da waya. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, jiniya da jerin gwanon motocin gwamnati suka zama abin gani kullum, sai ga yara suna jera motoci biyar-shida a bayan juna, na gaba yana yin jiniya da baki. Amma kara gara ke ci, gwangwani tsatsa ke ci, abin da ya tsira kuma Inna ta hura wuta da shi ko ta ba 'yan jari-bola.

Makaranta ba ta taɓa sanin da zaman wannan ilimi ba, kuma wannan na cikin abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 an sa darasin koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injina daga waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu lantarki ko babu malamin da zai kunna su. Yaron da ya riga ya gano yadda ake sa ƙafar gaba ta juya, a aji sai a sa shi haddace sunayen kayan aiki daga allo, in aka kama shi da langa-langa a jaka kuma ya sha bulala. Muna yawan alfahari da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ya koyi zanen mota, ya yi suna da zanen Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Alfaharin ya dace. Amma a kowace unguwa mun san wani gwani da ya tsaya a gyaran babur ko walda a bakin titi, ba don basirarsa ta gaza ba.

Abin da ya rage wasan ba abu ɗaya ba ne. Motocin roba 'yan China sun cika kasuwa da araha, suna zuwa a haɗe, ba abin da yaro zai yi musu sai ya ja su kwana biyu su karye. Diloli da yawa yanzu da igiyar roba ake ɗaure su, masaƙar Gusau ta daɗe a rufe, jirgi ya daɗe bai bi layin Ƙaura ba, gwangwani kuma ya yi kuɗi tunda 'yan jari-bola na saye. Waya ta kwashe sauran lokacin. Sai kuma wanda ya fi duka ciwo: a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da dama, zuwa gona kwasar kara ya zama abin da uba ba zai aiki ɗansa ba, saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako da makarantu. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da muke zama a gefenta muna ƙirga motoci, yanzu matafiyi addu'a yake yi har ya wuce ta.

Duk da haka ba a daina ba. Kwanakin baya a wata unguwa da ke gefen Gusau, inda iyalan da suka baro ƙauyukansu ke zaune a kangaye, mun tarar da yara uku suna tura mota. An yi bodinta da gorar lemo ta roba da aka tsaga, tayoyin na silifa ne kamar yadda muka sani, sitiyarin kuma yana juyawa sarai. Muka ce wa babbansu, “Samari, wace iri ce wannan?” Ya dube mu kamar mun yi tambayar banza, ya ce, “Baba, Hilux ce ta sojoji.” A bayanta ya kafa guntun bututun biro yana kallon sama, ya kuma zauna da mutane huɗu na totuwa, biyu a kowane gefe.