Samar da Manja a Najeriya

Manja shi ne man da ake matsewa daga 'ya'yan kwakwar manja, wadda ake nomawa a jihohin kudu irin su Edo da Akwa Ibom. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, amma bayan yaƙin basasa da bunƙasar man fetur, Malesiya da Indonesiya suka sha gabanta. Yanzu tana samar da kimanin tan miliyan 1.5 a shekara, akasari daga hannun ƙananan manoma. Wannan bai wadatar da gidaje da masana'antu, don haka ake shigo da ƙari daga waje. Farashinsa kan sauka daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin girbi, ya tashi a ƙarshen shekara.