Littafi a Ƙarshen Layin Dogo

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya ƙure a Kaura Namoda. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu, kayan da fatake ke tarowa daga ƙauyuka da kasuwanni irin na Shinkafi da Zurmi. To amma jirgin da ke tafiya da kaya yakan dawo da mutane. Ya kawo ma'aikatan tasha da akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan da sauran sassan Arewa, cikinsu kuwa har da Kirista. Shekara uku bayan isowar jirgin, wato a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce mabuɗin tarihin masu bin Almasihu a arewacin Zamfara. Wanda duk ya tsaya ƙirga gine-ginen majami'u zai ce tarihin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya riƙe bangaskiyar wannan 'yar ƙaramar jama'a kusan shekara ɗari shi ne al'adar buɗe littafi kowace rana a cikin gida, a karanta, a yi tunani a kai, a yi addu'a.

Dalilin haka yana cikin tarihin ƙasar kanta. Kaura Namoda gari ne da Namoda, jarumin jihadi daga gidan Alibawan Zurmi, ya kafa a farkon ƙarni na 19, saboda haka yankin yana tsakiyar Daular Usmaniyya ne. Da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin Musulunci ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta daɗe tana taka wa 'yan mishan birki a masarautu. Da aka ɗan buɗe ƙofa a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare aka buɗe ta: mishan ɗin SIM ta karɓi aikin a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. Fada-fadan Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan kuwa sai a 1953 suka zauna a Gusau. Ma'anar wannan ita ce, Kiristan da aiki ya kai shi ƙarshen layi ya daɗe yana zaune nesa da fasto ko fada. Baftisma tana iya jiran zuwan malami, jibin Ubangiji ma haka, ɗaurin aure ma haka. Karatu da addu'a su ne ba sa jiran kowa. Da rashin tayi akan bar arha, amma a nan rashin malami ne ya sa maigida ya zama malamin gidansa, uwargida ta zama mai koya wa yara ayar haddacewa.

Littafin da suke buɗewa shi ma yana da doguwar tafiya a bayansa, kuma bakin Bahaushe na cikinta tun daga farko. Wani Bajamushe ɗan mishan ɗin CMS mai suna Schön, wanda ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara ɗaukar aikin da gaske. Hausarsa ta nuna ne bayan ya zauna a Ingila da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai. A 1857 bisharar Matiyu ta fito, a 1880 kuma Sabon Alkawari. Daga baya wani ɗan mishan, Likita Miller, wanda Sarkin Kano Alu ya sallami ayarinsu a 1900, ya zauna a Zariya daga 1905, ya shafe shekaru yana fassara tare da Hausawan da suka kewaye shi, har aka kai ga bugun 1932. Wajen 1980 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin harshe. Abin lura shi ne kalmomin da aka zaɓa: Allah, annabi, mala'ika, addu'a, sujada, tuba, gafara, Attaura, Zabura. Babu ɗaya daga cikinsu da ke baƙuwa a kunnen mutumin Zurmi. Mai karatu ya tarar da Allah yana yi masa magana da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa, yake kuma gaida maƙwabcinsa da shi.

A nan wani zai ce ai wannan tarihin baƙi ne, jirgi ya kawo su, ba ruwan ƙasar da al'adarsu. Gaskiya ne cewa yawancin Kiristocin waɗannan garuruwa asalinsu daga wasu wurare ne, amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Tun kafin Miller ya taka ƙasar Hausa, an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga kafa jama'ar da aka sani da Isawa. An kashe shi a ƙarni na 19, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi, a 1913 kuma wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller a Zariya don su ji abin da Linjila ta ƙunsa. Ta ƙofar karatu suka shigo, domin ƙasar Hausa ƙasar littafi ce. Inda ake jin kiran salla da asuba, ake ganin almajirai zagaye da wutar kara suna bitar allo, dattawa kuma suna da rabon Alƙur'ani da wuridin da ba sa tsallakewa, ba a buƙatar dogon bayani kafin mutum ya gane cewa ibada tana da lokaci kuma tana da littafi. Kiristan da ya zauna a Kaura ko Shinkafi ya tarar da wannan ma'auni a ƙofar gidansa. Maƙwabta sun girmama mai tashi da asuba ya yi karatunsa, sun kuma raina wanda ba a san shi da wata ibada ba. Saboda haka ko da irin ya zo daga nesa, ƙasar da ya faɗa a kai ta ba shi kamarta. Jikokin waɗancan ma'aikata ma da yawansu da Hausa suke addu'a.

Tsarin abin ba shi da wuya, shi ya sa ya ɗore. Iyali su taru da sassafe ko bayan cin tuwon dare, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, wani ya karanta 'yan ayoyi, babba ya yi ɗan bayani, yara su maimaita ayar da aka ba su, a rufe da addu'a saboda marasa lafiya da matafiya da masu mulki. Ƙungiyoyi da dama sun zo sun ɗaura wa wannan al'ada ƙafa. A mishan, ajin koyon karatu da ajin shirin baftisma tafe suke tare, Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 kuma ya ƙara yawan masu iya boko. Dabarar raba Littafi Mai Tsarki kashi-kashi bisa kwanakin shekara ta bazu ne ta hannun ƙungiyar Scripture Union, wadda ta fara buga katin karatun kullum a Ingila a 1879. A Arewa, ƙungiyar ɗalibai ta FCS da aka kafa a Gindiri a 1957 ta kai al'adar makarantun kwana da manyan makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Kaura Namoda a 1983. Shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 ya kafa ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, Zumuntar Mata ta riƙe haddar ayoyi da ƙarfinta, 'yan ikilisiyar ECWA kuma sun san ɗan littafin nan Abincin Yini. Wanda bai iya karatu ba ya saurari shirye-shiryen Hausa na rediyon ELWA da Muryar Bishara, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa.

Ana gane ƙarfin igiya ne ranar da aka ja ta, an kuwa ja wannan sau da yawa. A rikicin 1966 'yan kudu da yawa sun bar garuruwan Arewa, majami'un da suka gina suka koma kusan wayam, waɗanda suka rage suka ci gaba da sujada a ɗakunansu. A watan Oktoba na 1999, da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, Kirista da dama sun shiga fargabar makomarsu. A 2020 annobar korona ta taƙaita taruwa a masallatai da majami'u. Mafi tsanani shi ne bala'in 'yan bindiga da ya addabi Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda fiye da shekara goma, wanda bai bar Musulmi ba bai bar Kirista ba, hasali ma manoma da makiyaya Musulmi ne suka fi yawan waɗanda ya cinye. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. A irin wannan rana hanya ba ta biyuwa, wa'azin intanet ba ya zuwa. Abin da ke hannun mutum shi ne littafin da ke ƙarƙashin matashinsa da Zaburar da ya haddace tun yana yaro.

Akwai suka biyu da suka cancanci a saurare su. Na farko, cewa abin da ake yi kullum yakan koma al'ada kawai, baki na motsi zuciya na kasuwa, har wani ya mai da littafin kamar laya, ya ajiye shi a mota don tsari bai san abin da ke ciki ba. Wannan yana faruwa, kuma babu amfanin musunsa. Sai dai maganin tuwon da bai dahu ba shi ne a ƙara masa wuta, ba wanda ke daina cin abinci saboda shi. Abin da magabata suka tsara ya haɗa karatu da tunani da addu'a, wato mai karatu ya tambayi kansa abin da ayar ke nema daga gare shi yau, game da mudun da yake awo da shi, da bashin da ke kansa, da maƙwabcin da suka ɓata. In aka cire wannan tambaya, sauran motsin baki ne. Suka na biyu shi ne, mai karatu shi kaɗai yakan karkatar da ma'ana, ya tsinci aya ɗaya ya gina son zuciyarsa a kanta. Wannan ma gaskiya ne, mun kuma ga masu cin kasuwa da ayoyin arziki. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa karatun nan a cikin jama'a aka haife shi: iyali, rukunin addu'a, zumunta, ajin binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. Mai bin jadawali daga Farawa zuwa Wahayi dole ya ci karo da ayoyin da ba sa yi masa daɗi, kuma shi ne mai wuyar ruɗi, kamar mutanen Biriya da littafin Ayyukan Manzanni ya yaba wa saboda suna auna wa'azin Bulus da Nassi kowace rana.

Jirgin da ya kawo masu bi na farko ya daɗe da rasa tasirinsa, dalar gyaɗa ta zama labari, 'yan mishan sun koma ƙasashensu. Al'adar da ta fi su duka araha ita ce ta rage, domin ba ta buƙatar fili ko takardar izini, kuma ba ta tsokanar kowa. Haɗarin da ke gabanta yau daga cikin gida yake: wayar da ke cinye asubar matasa, da iyayen da suka sallama tarbiyya ga taron Lahadi kaɗai. Iyaye da shugabannin ikilisiya a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ku sa Littafi Mai Tsarki na Hausa a kowane gida, ku koya wa yara karanta shi da ƙugiyoyinsa daidai, ku ware masa minti goma sha biyar kafin a fita nema. Da haka kakanninku suka riƙe bangaskiyarsu lokacin da ba su da fasto, da haka kuma za ku miƙa ta ga na baya.